Bushin: Ƙaramar Robar Da Ke Cinye Ribar Masu Manyan Motoci A Jos

JOS — Duk buhun dankalin Turawa da ya bar Bokkos, da duk kwandon tumatir ko buhun kabeji da aka ɗaure a kasuwar Farin Gada domin Abuja ko Legas ko Fatakwal, a bayan mota yake gangarowa daga kan tsaunin Filato. Jirgin ƙasan da ya iso Jos daga Kafanchan a shekarar 1927 domin kwasar kuza ya daɗe da fita daga lissafin 'yan kasuwar kayan gwari. Nauyin fataucin wannan yanki ya koma kan manyan motoci, kuma da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke jan su.

A cikinsu akwai roka, wato Marsandi 911 mai gajeren hanci, jinsin da aka fara ƙerawa a Jamus tun 1959. Akwai DAF da MAN na gwanjo da suka gama aikinsu a Turai kafin su zo nan su soma wani sabo. Akwai kanta da Dyna da akori-kura masu shiga ƙauyuka su fito da kaya bakin kwalta, sai kuma tifofin yashi da dutse. Mai irin wannan mota yana sane da lafiyar inji da giya, yana kuma ƙidaya kwanakin tayoyinsa. Abin da ba kasafai yake tunawa da shi ba shi ne wata 'yar roba da ba ta fi dunƙulen hannu ba, wadda kanikawa ke kira bushin, alhali kuwa tana da hannu dumu-dumu a cikin kuɗin da yake kashewa kan waɗancan tayoyi.

Bushin dai zobe ne mai kauri da ake cusawa a duk wata gaɓa ta ƙafar mota inda ƙarfe biyu suka haɗu, kuma ake son su motsa ba tare da sun ci juna ba. Ana samunsa a idon sifirin, da ƙarfen lilon da ke riƙe ƙarshen sifirin na baya, da kunnuwan shokazoba, da sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, da kuma wuraren da kan mota ke zaune a bisa shasi. Aikinsa biyu ne. Yana shanye girgiza kafin ta isa jikin mota, sa'an nan yana riƙe aksil, wato sandar da tayoyi ke ɗaure a kanta, daidai inda aka tsara ta zauna.

Aikin nan na biyu shi ne wanda ya shafi aljihu. Idan bushin ya cinye, aksil yakan sami sararin gocewa gaba ko baya a gefe guda, ko da da kaurin yatsa ne. Daga nan tayoyin ba sa fuskantar inda motar ta nufa sosai, sai su riƙa tafiya suna gogar kwalta a kaikaice. Direba zai ji sitiyari na ja gefe, zai ji ƙwanƙwasa a ƙarƙashi idan ya taka burki ko ya faɗa rami. Wanda ke biye da motar a baya ma yakan ga tana tafiya a karkace kamar kaguwa. Mai mota kuwa ba ya gani sai ranar da mai faci ya nuna masa taya da gefe ɗaya ya suɗe, ɗaya gefen kuwa da sauran zanensa.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙaddara tayar da ya kamata ta yi wata goma sha biyu ta mutu a wata tara saboda wannan guga. Cikin shekara uku mai motar zai sayi tayoyi sau huɗu maimakon sau uku. A mota mai taya shida, an yi asarar taya shida ke nan, ban da ƙarin man gas da injin ke sha wajen jan tayoyin da ke turjewa, ban da ganyen sifirin da ke karyewa idan ƙarfe ya fara dukan ƙarfe. Kuɗin taya guda ɗaya ta babbar mota ya isa a sauya bushin ɗin ƙafa gaba ɗaya har da ladan bakanike.

Taya kuma ba abin wasa ba ce a yau. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kuma tun daga lokacin kusan duk tayar babbar mota daga waje ake shigo da ita, da kuɗin waje. A farkon watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wani milimita na taya da kwalta ta gogar a banza, dala ce aka zubar a hanya.

Wani zai ce to me ya hana a sayi sabuwar mota a huta? Amsar tana cikin tarihin tattalin arzikin ƙasar nan. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yawaita, gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa wuraren haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Inugu, wanda aka ƙaddamar a 1980 domin haɗa manyan motocin Marsandi. Steyr ɗin nan bai wuce tafiyar sa'o'i biyu daga Jos ba. Amma akasarin sassan da ake haɗawa daga waje suke zuwa. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, ta kuma buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu a watan Satumba na shekarar, dalar da ba ta kai naira biyu ba ta haura naira huɗu a gwanjon farko. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici, wuraren haɗawar suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, aka koma ga gwanjo da gyaran tsohuwa. Har ila yau bashi bai yi sauƙi ba: a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da bankunan kasuwanci ke ɗora wa mai karɓar bashi kuwa ya fi haka. A irin wannan hali, tsohuwar motar da aka gama biyan kuɗinta jari ce, kuma duk abin da zai ƙara mata shekara ya cancanci a zauna a yi lissafinsa.

Ƙasar Filato kuma ba ta tausaya wa ƙafar mota. Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka ko ta ina aka fita sai an yi gangara, ko ta ina aka dawo sai an yi hawa. Motar da ta ɗauko lodi ta bi ta Mararrabar Jama'a ta nufi Akwanga sai ta sauka Hawan Kibo a kan burki, tana kwana bayan kwana, kuma a kowace kwana nauyin kayan kan bushin ɗin gefe guda yake komawa. Hanyoyin gonakin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi kuwa taɓo ne daga Afrilu zuwa Oktoba, ƙura ce da hunturu. Baƙin mai da ke ɗiga daga tsohon inji yana kumbura roba ya ruɓar da ita, zafi da iska kuma suna tsattsaga ta.

Sai kuma lodin da ya wuce ƙima, wanda kowa ya san da shi amma ba a son maganarsa. Gwajin hanyoyi da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksil sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau goma sha shida. Wato motar da aka cika fiye da kima ita ke haƙa ramin da gobe zai farfasa mata bushin.

Mai motar da ya shiga Dilimi, inda dillalan kayan gyaran mota suka yi sansani a Jos, zaɓi uku ne a gabansa. Na farko bushin ɗin roba irin na asali, wanda samun na ƙwarai ga motar da ta shekara talatin ko arba'in ya zama aiki, domin jabu ya cika kasuwa, kuma ko na gaskiyar ne, idan ya daɗe a ajiye robarsa takan bushe. Na biyu shi ne wanda masu sana'a ke yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota. Bai kamata a raina wannan ba: ya ceci dubban motoci a kan hanya, ga araha, ga shi ana yanka shi nan take. Illarsa ita ce awonsa na ido ne, kuma ba a manne yake da ƙarfe ba, saboda haka ba ya daɗewa yake sakin jiki. Na uku shi ne wanda ya jawo wannan rubutu, bushin ɗin foliyuretan, wanda sau da yawa ake gane shi da launinsa ja ko rawaya ko shuɗi.

Foliyuretan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, sunansa ne kawai baƙo. Masanin haɗa sinadarai Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar da shi a Jamus a 1937. Katifar soso da ake kwana a kai danginsa ce, haka tafin wasu takalma. Idan aka haɗa shi ba tare da kumfa ba, sai ya fito da tauri tsakanin roba da filastik. Ana auna wannan tauri da ma'aunin da ake kira Shore A: robar bushin takan faɗa tsakanin 50 zuwa 70, foliyuretan na ƙafar mota kuwa daga wajen 70 har zuwa 95. Baƙin mai da man gas ba sa cin sa kamar yadda suke cin roba, iska ba ta tsattsaga shi, kuma yana jure nauyi ba tare da ya lotse ba. Dalilin da ya sa ake yabonsa ke nan, kuma yabon yana da tushe.

Sai dai akwai bambanci guda tsakaninsa da roba wanda duk ribar cinikin ta rataya a kansa, kuma shi ne kanikawa da yawa ba sa lura da shi. Bushin ɗin roba na asali a manne yake da bututun ƙarfe ciki da waje. Idan sifirin ya motsa, robar ce ke murɗewa ta dawo, babu abin da ke goga wani. Shi ya sa ba a sa masa giris, shi ya sa kuma ƙa'ida ce kada a ɗaure notinsa tamau sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe har ta yage. Foliyuretan ba ya murɗewa haka. Juyawa yake yi a kan bututun ƙarfen da ke tsakiyarsa, kamar yadda ƙofa ke juyawa a kan hinjinta. Abin da ke juyawa kuwa dole ya sha mai. Idan aka sa shi a bushe, cikin 'yan makonni zai fara kuka, daga nan ramin tsakiyarsa ya faɗaɗa, a koma gidan jiya bayan an biya kuɗi mai yawa.

Saboda haka aikin sa shi ya fi sayensa muhimmanci. Da farko ana ɗaga motar ne a tokare shasi da turakun ƙarfe ko gungumen katako mai ƙwari, a kuma tallafe aksil dabam, domin sifirin da ke ɗauke da nauyi yana iya fizgewa ya karya hannu idan aka zare ƙusarsa. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Cire tsohon bushin shi ne inda gumi yake, domin tsatsar shekaru takan haɗe bututunsa da idon sifirin. Hanya mafi tsabta ita ce injin matsi. Inda babu shi, a huda robar a fitar da ita, a sa zarton ƙarfe a tsaga bututun waje a hankali, sa'an nan a buge shi. Al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu ita ce a kunna wutar walda a ƙone robar. Tana da sauri, amma zafin da ya yi yawa yana kashe ƙwarin ƙarfen sifirin a daidai idonsa, kuma sakamakon ba ya bayyana sai wata rana a tsakiyar gangara. Idan kuwa tsohon da ake cirewa shi ma foliyuretan ne, to kada a kusance shi da wuta ko kaɗan, domin hayaƙinsa guba ne.

Kafin a tsaga bututun wajen ma, a duba irin sabon da aka saya. Wasu an yi su ne su zauna cikin tsohon bututun, wasu kuma kai tsaye cikin idon sifirin. Bakaniken da ya yanke bututun kafin ya duba yana iya tarar da sabon bushin yana yawo a ramin.

Bayan an cire, a goge ramin da burushin waya har tsatsa ta fita, a auna shi. Idan idon sifirin ya riga ya zama kamar ƙwai saboda daɗewar da ƙarfe ya yi yana dukan ƙarfe, babu bushin ɗin da zai gyara shi, sai an sauya ganyen. Haka ƙusar da ke ratsa tsakiya: idan ta cinye ko ta yi kaushi, za ta zama zarto a cikin sabon bushin. Akasarin na foliyuretan gida biyu ne, ana cusa rabi ta kowane gefe, a shafe ramin tsakiya da fuskokin gefe da giris, sa'an nan a tura bututun ƙarfe. Giris ɗin da aka fi ba da shawara shi ne mai silikon wanda ruwa ba ya wankewa, kuma kamfanonin kirki sukan haɗo shi cikin kwalin. A sauya na hagu da na dama tare. A ɗaure noti gwargwadon awon da aka ƙayyade, domin ɗaurin ganganci da dogon bututu yana matse bushin ya hana shi juyawa. A duba ƙarafan da suka ɗaure sifirin da aksil, a kai motar saitin ƙafa, kuma bayan tafiyar farko da lodi a sake bin notocin.

Ko bayan an yi duk wannan, sauran aiki na gaba. Ƙurar hunturu da yashin tsofaffin filayen kuza idan suka haɗu da giris sukan zama kamar garin wasa wuƙa. Ruwan damina kuma yana wanke abin da ya saura. Wanda ya sa foliyuretan ya ɗauki alkawarin sake shafa masa giris lokaci-lokaci ke nan, musamman a ƙarshen damina da ƙarshen hunturu. Wanda ya san motarsa ba ta ganin gareji sai ta tsaya cik, gara ya nemi roba mai kyau ya sa, domin ita ba ta neman kulawa.

Ba kowace gaɓa ce kuma ta dace da shi ba. A manyan motoci masu nauyi irin su roka, idon sifirin sau da yawa bushin ɗin tagulla ne da ƙusa mai bakin giris, kuma maganinsa sabuwar tagulla ce da famfon giris a kai a kai. Inda foliyuretan ya fi amfani shi ne ƙananan motocin kaya irin su kanta da Dyna da akori-kura, sai kuma sandar hana tangaɗi da kunnuwan shokazoba a manya. Kusa da salansa bai dace ba, domin zafi mai yawa yana tausasa shi. A mazaunin kan mota ma, a ganinmu, roba ta fi, saboda taurin foliyuretan yana miƙa girgiza ga direban da zai kwana yana tuƙi. Wannan tauri yana da wani farashin: bugun da roba ke shanyewa yanzu yana isa ga maƙalan sifirin da tsohon shasi, kuma a motar da aka sha yi wa walda, tsaga takan ɓullo a can. Mai ɗaukar tumatir da ƙwai ya yi tunani sau biyu kafin ya zaɓi mafi tauri. Mai tifar dutse ba shi da wannan damuwa.

Ga dillalai kuwa, magana ɗaya ce. Launi ba shaidar inganci ba ne, kuma ba shi da ma'ana guda tsakanin kamfani da kamfani. Ana iya rina filastik mai arha ya yi ja a sayar da shi da sunan foliyuretan, ya farfashe a tafiyar farko. Akwai ma nau'in foliyuretan na gaskiya da danshi da zafi ke ruɓarwa a hankali. Ma'aunin tauri ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. Dillalin da ya ajiye shi a kan teburinsa tare da ma'aunin kauri, yana gwada kaya a gaban mai saye, ya sami abin da zai bambanta shi da maƙwabtansa a kasuwar da amana ta yi ƙaranci.

Akwai kuma ƙofar sana'a a nan. Ana iya zuba foliyuretan a mazubi kamar yadda maƙera ke zuba tukunyar dalma, ko a sayo shi a sanda a sassaƙa a injin sassaƙa ƙarfe daidai da awon kowace gaɓa. Wannan ya dace da motocin da kamfanoninsu suka daina yi musu kayan gyara. Garin Nnewi a jihar Anambra ya nuna tun shekarun 1980 cewa 'yan kasuwar kayan gyara suna iya rikiɗewa su zama masu ƙera su, har da na roba. Jos ma ba baƙuwar wannan sinadari ba ce, tun da kamfanin Vitafoam ya kafa masana'antar katifa a garin, ga kuma masu injin sassaƙa da kanikawa da kasuwa a wuri guda. Cikas ɗin shi ne sinadaran da ake haɗawa daga waje suke zuwa, saboda haka farashinsu na bin dala, kuma ɗaya daga cikinsu yana illa ga huhu idan ana aiki da shi a ɗaki marar iska. Abin takaici ne cewa ƙasar da ke da itatuwan roba a Edo da Delta da Kuros Riba, har da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, tana fitar da ɗanyar roba ta sayo bushin. Ɗan kasuwar da ke son shiga wannan fage zai fi samun sauƙi idan ya fara da sassaƙa daga sanda, ya tsaya kan nau'in mota biyu ko uku da suka fi yawa a tashoshin Jos, kafin ya yi tunanin zubi.

Mai motoci fiye da ɗaya yana da hanyar gane gaskiya da kansa ba tare da ya dogara da bakin dillali ba. Ya sa foliyuretan a mota ɗaya, roba mai kyau a wata da ke bin hanya iri ɗaya, ya rubuta ranar da aka sa da kuɗin da aka kashe, ya riƙa auna zurfin zanen tayoyin a gefen ciki da na waje duk wata. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne Mayu ko Yuni, kafin dankalin damina ya fara fitowa a Yuli da Agusta, sa'ad da lodi ke jiran mota kuma kwana ɗaya a gareji yake daidai da asarar sawu guda.